Amsa ga Alhajin da ya yi Juma'a a Guangzhou

Assalamu alaikum Alhaji.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: in da gaske gwamnatin Sin na takura wa addini, yaya ka yi sallar Juma'a a Guangzhou ba wanda ya ce maka uffan? Sannan ka ce Amurka ce ta ari bakina. Wannan ta biyun ce ta sosa mini rai, shi ya sa zan fara da dokokin Sin ɗin kanta.

Ban musa sallarka ba. Masallacin Huaisheng na Guangzhou a buɗe yake saboda yana da rajista, kuma a nan gizo ke saƙar. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1982 ya ba da 'yancin imani, amma ibadar da ya kare ita ce wadda hukuma ta ɗauka daidai. Addinai 5 aka amince da su: Buddha, Tao, Musulunci, Katolika da Furotesta, kowanne a ƙarƙashin ƙungiyar da gwamnati ke sa wa ido. Ta Musulmi an kafa ta a 1953. Ita ke tantance limamai, ta hannunta kaɗai kuma ake zuwa Hajji. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2018 ta tanadi tara ga mai shirya taron ibada ba izini. Ɗan jam'iyyar Kwaminis kuwa ba a yarda ya yi addini ba sam.

Je ka tambayi Musulmi 'yan ƙabilar Hui na garin Weizhou a yankin Ningxia, da suka cika harabar masallacinsu a Agustan 2018 don kada a rushe shi. An bar ginin, aka sauke ƙubbobinsa. A Najiaying ta lardin Yunnan, kan ƙubba da hasumiyar masallaci aka yi arangama da 'yan sanda a Mayun 2023. Xinjiang ta fi muni: dokar 2017 ta hana niƙabi da gemun da aka kira na tsattsauran ra'ayi, aka tsare ɗimbin Uigur, Musulmin yankin, a sansanoni. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 abin na iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama.

Na san hajarka daga can take zuwa, kuma halal ce. Amma wanda bizarsa ke hannun mutane, bai kamata ya tuhumi wani da sayar da baki ba. Abin da ya fi damuna ma ba kai ba ne: a Yulin 2019 Najeriya da Saudiyya na cikin ƙasashe 37 da suka sa hannu kan wasiƙar yabon abin da Sin ke yi a Xinjiang.

Wassalam.