A Sauƙaƙa Biyan Haya a Jaji

Zuwa ga Edita,

Na karanta rahoton da jaridarku ta buga kan tashin kuɗin hayar gidaje a Kaduna, shi ya sa nake so in jawo hankali ga halin da masu haya ke ciki a Jaji, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, inda aka kafa Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshin Soja a 1976.

Babbar matsalarmu ita ce tilasta wa mutum biyan kuɗin shekara guda a dunƙule, wani lokaci har shekara biyu. Sojan da bai samu ɗaki a bariki ba yakan kama ciki da falo a gari, kafin wa'adinsa ya cika a yi masa canjin wurin aiki, ya kwashi iyalinsa ya tafi, mai gida kuma ya ƙi mayar masa da ragowar kuɗinsa. Washegari sai dillali ya sa wani a ɗakin da ƙarin farashi, ya sake karɓar la'adarsa. Malamin firamare da mai shago, waɗanda ba su da halin biya lokaci guda, su ne ake turawa bayan gari, inda ruwan sha ma sai an saya wurin 'yan garuwa.

Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta taƙaita kuɗin da mai gida zai nema tun da farko. Ina roƙon Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta duba irin wannan mataki, a ba da damar biya duk wata uku, a kuma wajabta rubutacciyar yarjejeniya a gaban mai unguwa wadda za ta tanadi mayar da ragowar kuɗi ga duk wanda aiki ya ɗauke shi.

Naku,
Wani mazaunin Jaji, Jihar Kaduna