Ya Kamata Manhajar Kamfani Ta Yi La'akari da Legas

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kamfanoni masu rassa a ƙasashe da dama suna ɗora lissafin kuɗi, sito, albashi da sayayya kan manhaja guda, irin SAP ta Jamus. Abin a yaba ne, sai dai hedikwata takan tsara ta ba tare da tuntuɓar reshen Legas ba, inda harajin VAT yake kashi 7.5 tun 2020, farashin dala yake yawan sauyawa, kaya kuma sukan daɗe a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ina roƙon kamfanonin su gyara tsofaffin bayanansu, su horar da akantoci da masu kula da sito kafin ranar da za a koma kan sabuwar manhajar, domin dilolinmu ne ke rasa kaya idan oda ta maƙale a kwamfuta.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas.