Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na bana: karatun duwatsun kaburburan Rumawa

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Ga abin da muka samu yi, duk da rashin wuta da tsadar data sun sa an ɗaga zama ba sau ɗaya ba.

Farkon shekara kusan duk ya tafi ne wajen koyon taƙaitattun haruffan Latin da masu sassaƙa ke yi don dutse ya ishe su, D M a sama na sadaukarwa ga ruhohin matattu, H S E wato nan yake kwance, sai L mai nuna 'yantaccen bawa. Sababbin shiga sun ji jiki gaskiya amma yanzu alhamdulillahi yawancinku sai kun karanta hoton dutsen da kanku kafin ku leƙa fassara, dama abin da muke so kenan tun farko.

Wanda ya fi cin mana lokaci shi ne dutsen Regina da ke gidan tarihi na Arbeia a South Shields, arewacin Ingila. Baiwa ce 'yar ƙabilar Catuvellauni ta Birtaniya, wani Barates mutumin Palmyra ta Siriya ya 'yanta ta ya aure ta, ta rasu tana da shekara 30. An sassaƙa ta zaune a kujera ga kwandon ulu ga akwatin kayan ado, rubutun da Latin ne amma a ƙasa ya sa an ƙara layi guda na makoki da harshen garinsu. Ranar muhawara ta yi zafi sosai, wasu suka ce ai soyayya ce, 'yan uwa mata kuma suka ce a tuna fa muryar miji kawai muke ji, ita ba wanda ya tambaye ta. Ni dai ina bayan matan. Da muka koma kan dutsen Aurelius Hermia, mahaucin nan na tudun Viminal a Rum, wanda ke British Museum, maganar ta sake tasowa, don an sa matarsa Philematium tana cewa ya ɗauke ta tana shekara 7 ta mutu tana 40, kuma duk yabonsa take yi.

Batun shekaru ma mun taɓa shi. Da yawa suna ƙarewa da 0 ko 5, alamar kintace ake yi kamar yadda kakanninmu ke faɗin nasu, saboda haka don Allah a daina ɗaukar su kamar takardar haihuwa.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu shiga juzu'i na 8 na CIL, wato kundin da ya tattara tsoffin rubuce-rubucen Latin da aka sassaƙa, wanda masanin tarihi Theodor Mommsen ya jagoranta, juzu'insa na farko ya fita a Berlin a 1863. Juzu'i na 8 ɗin na Arewacin Afirka ne, za mu fara da kaburburan sojojin Lambaesis a Aljeriya. Masu bashin kuɗin wata a taimaka a ga ma'aji kafin zaman farko, da shi ake saya wa ɗalibanmu data.