A Bar Auren Fada Ya Zama Zaɓi

Ranka ya daɗe Edita,

Ni ɗan Katolika ne, a cocin nan aka yi mini baftisma, a ciki na yi furfura. Da ciwon zuciya nake cewa dokar hana Fada, wato limamin cocinmu, aure tana yi mana ɓarna.

Dokar ba daga bakin Almasihu ta fito ba. Manzo Bitrus, wanda muke kira Paparoma na farko, yana da suruka, har Yesu ya warkar da ita daga zazzaɓi. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa bishop ya kasance mijin mace ɗaya. Sai a 1139, a taron Lateran na biyu a Roma, aka ce auren limamin coci bai ɗauru ba. Har gobe Katolikan Maroniyawa na Lebanon suna naɗa magidanta Fadoji, kuma suna ƙarƙashin Paparoma kamar mu.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɓoye-ɓoye. A wani gari da na taɓa zama, wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta yi ciki, kuma babu wanda bai san mai shi ba. Aka sauya wa Fadan wurin aiki shiru. Ita kuwa ta daina zuwa sujada saboda zunɗe, uwarta ta fita daga zumuntar mata, yaron ya tashi ba sunan uba. Samarin da suka ga haka, da wane baki za mu yi musu wa'azin kamun kai?

Ban ce rashin aure ke sa mutum lalata yara ba, kuma na san Fadoji masu tsoron Allah da suka riƙe alkawarinsu har kabari. Amma inda aka saba rufa wa juna asiri a kan mata, babban laifi ma yakan sami mafaka. Binciken Faransa na 2021 ya ƙiyasta yara kusan 216,000 da limaman coci da 'yan zuhudu suka ci zarafinsu tun 1950. Hukumar binciken Ostireliya, a 2017, ta ba da shawarar a mai da rashin auren ganin dama.

A taron bishop-bishop na 2019 kan yankin Amazon, masu ƙuri'a 128 suka goyi bayan naɗa magidanta Fadoji a yankin, 41 suka ƙi, Paparoma Francis ya bar maganar a rataye. Ina roƙon bishop-bishop ɗinmu na Najeriya su tayar da ita gaban Paparoma Leo na 14, su kuma fara ɗaukar nauyin yaran da aka riga aka haifa.

Naku,
Wani tsohon katikis