Samari masu haɗa mota a Kano, a dubi ƙafa kafin fenti

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƙannenmu da suka shiga harkar tada tsofaffin motoci a nan Kano. Ni bakanike ne, aikin ƙafar mota nake yi, wato su sifirin da shokozoba da sauran ƙarafan da ke riƙe da taya, kuma wallahi abun yana burge ni, yaro ya samo tsohuwar Marsandi ko Peugeot 504 da ta gama shan ƙura a gareji ya ɗora mata inji mai ƙarfi ta dawo titi. A Amurka harkar ta fara, can kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, hot rod suke ce mata, kuma Ford ta 1932 mai inji V8 har yau ita ce ta gaban goshi a wajensu. To amma namu yaran kuɗin duk a fenti da rim da salansa mai ƙara yake ƙarewa, ƙafa kuwa sai abun da ya rage.

Abun da ya fi ci min rai shi ne gasa sifirin da wutar walda wai don mota ta kwanta ƙasa ta yi kyau. Haba jama'a! Ƙarfen sifirin da ka gani an riga an gama masa aikin wuta tun daga kamfani, da zarar ya sake yin ja shi ke nan ya mutu, zai yi ta zama ne gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye kana tsakiyar kwana. Kuma idan mota ta sauka da yawa shokozoba ba ta da wurin motsi, ka faɗa rami ɗaya ka ji gwam, ƙarfe ya daki ƙarfe. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, ita shokozoba tsalle kawai take kashewa, don haka in ka ƙara nauyin inji dole ka nemo sifirin da zai iya, in ƙasa kake so kuma akwai gajere wanda don haka aka yi shi. In ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayi biyu iri ɗaya, hagu da dama, ko sabo ne ko ɗan Beljiyam.

Sai maganar bushin (robar da ake sawa a mahaɗar ƙarafan ƙafa), wadda ko wasu manyanmu ba sa kulawa. Kar a ɗaure kusar bushin ɗin roba tamau mota tana sama ƙafa na reto, a bari sai an sauke ta nauyinta ya zauna kan taya sannan a ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ba da daɗewa ba ta yage a ce kayan ne jabu alhali ɗaurin ne. A duba boljoyin da tayarod, wato gaɓoɓin da ke haɗa taya da ƙafa da sitiyari, in an gama kuma a wuce alaimen kai tsaye a saita tayoyi. Kuma don girman Allah a daina shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko kan bulo, a sa mata ƙarfen tokare.

Ina roƙon shugabanninmu na NATA, ƙungiyar makanikai ta Najeriya, reshen Kano su riƙa kiran waɗannan samari suna zama da su a gareji ana nuna musu a aikace, don yaran suna da kai kuma suna son koyo, mu ma da muke aikin ƙafa a shirye muke mu zo.

Naku,
Wani bakanike daga cikin birnin Kano