Sitirima mai tsada: kuɗin sauti ake biya ko na ado?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu amsa wata tambaya da masu sha'awar kayan sauti na gida ke yawan kawo wa masu haɗa irin waɗannan kaya: na'urar nan mai jawo waƙa daga intanet ta miƙa wa amfilifaya, wadda ake kira sitirima, in ta yi tsada ta fi mai araha daɗin sauti? A yawancin gidaje amsar ita ce a'a. Akwai wuraren da ƙarin kuɗin ke da amfani, sai dai ba su ne mai talla ke nuna maka ba.

A fara da farashi kamar yadda yake a 2024, don a ga girman tazarar. WiiM Mini ba ta kai dala 100 ba. WiiM Pro na wajen dala 150, WiiM Ultra kuma wajen 330. Bluesound Node na kusan dala 550, Eversolo DMP-A6 kusan 860. Daga nan sai a haura sama: Naim ND 555 ta fito a 2018 kan kusan fam 13,000, ban da akwatin da ke ba ta wuta, shi daban ake saya. Klimax DSM ta kamfanin Linn na Sikotilan ta fito a 2021 kan fam 30,000. Dukkansu waƙa ɗaya suke jawowa daga dandalin waƙoƙi na intanet irin Spotify ko Tidal ko Qobuz.

Aiki biyu ne a cikin akwatin, kuma rashin raba su ne ke ruɗa masu saye. Na farko karɓo waƙar daga intanet a matsayin lambobi. Na biyu mai da lambobin su zama sautin da amfilifaya za ta iya ƙarfafawa, aikin wani sashe da ake kira DAC. A aiki na farko babu fifiko tsakanin mai tsada da mai araha. Lambobin na zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ana duba cikarsa, wanda ya lalace a hanya a sake aiko shi, sannan a tara waƙar daƙiƙoƙi da dama a ma'ajiyar na'urar kafin a fara bugawa. Wasiƙa ba ta canja magana don an kawo ta a jif maimakon a keke. In intanet ta yi rauni, abin da za ka ji shi ne yankewa ko tsayawa, ba wai ganga ta rage kauri ko muryar mawaƙi ta dusashe ba. Saboda haka duk wanda yake da DAC mai kyau a waje, ko amfilifayar da ke da nata a ciki, ya haɗa sitirima mai araha da wayar haske, wadda ke tura lambobi da haske maimakon lantarki, ko wayar USB, lambobin da suka isa wurinsa su ne dai na mai fam dubu goma.

Masu kare tsada kan kawo hujjar rawar agogo, wato ɗan kuskuren lokaci wajen jera lambobin. Abin gaskiya ne, kuma a shekarun 1990 yakan dami wasu na'urori. Amma DAC na zamani yana sake daidaita lokacin da agogon kansa, musamman ta USB, inda shi ke cewa a aiko masa da lambobin a kan nasa ƙa'idar. Abin da ya rage na kuskuren injin awo ne kaɗai ke ganinsa.

A aiki na biyu kuwa ana iya samun bambanci, sai dai ya ƙanƙance ƙwarai. Faifan CD na da bit 16 a kan 44.1 kHz. Wannan ya ɗauki sauti mai siririn amo har 22 kHz, alhali kunnen yaro mai lafiya a 20 kHz yake tsayawa, na magidanci ɗan shekara hamsin kuwa da wuya ya wuce 15. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfinsa a CD desibel 96 ce, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. DAC na cikin sitirima mai matsakaicin farashi a yau ya wuce wannan. Falon da fanka ke juyawa, firij na kuka, janaretan maƙwabci na ruri, hayaniyarsa kaɗai ta haɗiye duk wani ɗan tsabtar da za a ƙara da dala dubu biyar. In DAC na cikin ƙaramar sitirima bai gamsar da kai ba, wanda ke cikin mafi arha yakan zama haka, na waje mai kyau na samuwa tsakanin dala 100 da 200.

To me ya sa a shago mai tsadar ke fin daɗi? Galibi ƙarfin murya ne. Wata na'ura na fitar da bolt 2 ta wayar sauti ta yau da kullum, wato RCA, wata 2.2 ko fiye, ta wayar XLR irin ta situdiyo kuwa ana samun 4. Kunne na ɗaukar wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi fili da nauyi, ko da tazarar ba ta kai desibel ɗaya ba. Ga yadda ake gwadawa a gida. A sa sautin gwaji na 400 Hz, a ɗora mitar gwajin wuta a bayan amfilifaya, wurin da wayar lasifika ke fita, a juya ta zuwa AC. A murɗa har na'ura ta farko ta nuna bolt 1.00. A koma ta biyu a daidaita ta tsakanin 0.99 da 1.01. Sannan a sa wani ya riƙa sauya su ba tare da mai sauraro ya ga wadda ke aiki ba, sau goma, yana rubutawa. Wanda ya canka tara cikin goma, lallai yana jin bambanci, ya sayi abinsa da zuciya ɗaya. Wanda ya samu biyar ko shida, ƙuri'a ya jefa.

Inda sauti ke lalacewa da gaske shi ne lasifika da ɗaki. Falon tayil da bangon siminti da tagogin gilashi na mai da sauti ta kowane ɓangare, murya ta yi kaifi, kalmomi su cakuɗe. Kowane ɗaki kuma yana da muryar da yake kumburawa. Lissafin ba wuya: a raba 343, wato saurin sauti a iska da mita cikin daƙiƙa, da ninkin tsawon ɗakin. Ɗakin mita 4 zai kumbura bes a wajen 43 Hz, na mita 5 a wajen 34 Hz, kuma kumburin kan kai desibel 10 ko ma fiye. A kwatanta wannan da bambancin DAC biyu masu kyau, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na desibel ba. Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A janye lasifika kamar rabin mita daga bango, kada a cusa su a kusurwa. Tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujerar mai sauraro, a ce mita biyu zuwa biyu da rabi. Ƙaramar lasifikar sama ta daidaita da kunne in an zauna. A shimfiɗa kafet mai kauri a tsakani, a rataya labule mai nauyi, kujerar kuma kada ta manne da bangon baya.

A nan ne wata sitirimar ke cancantar ƙarin kuɗi: wadda ke iya auna ɗaki da makirufo ta rage muryar da ya kumbura. Wasu na'urorin NAD da Bluesound na amfani da Dirac Live, na WiiM kuma suna da nasu tsarin awon a cikin manhaja. Wannan gyaran kowa zai ji shi, har baƙon da bai san an taɓa komai ba. Haka nan ana iya biyan ƙari saboda ramin HDMI na haɗa talabijin, ko ramin garmaho, ko XLR in wayar za ta yi tafiya mai nisa, ko fuska mai nuna sunan waƙa, ko gangar jiki ta alminiyam da za ta yi kyau a falo. Sha'awa ce halal, matuƙar mutum ya san ita yake saya.

Abin da ya fi ba mu tsoro a sitirima mai tsada shi ne manhaja. Amfilifaya mai kyau na iya shekara talatin tana aiki. Sitirima kuwa ƙaramar kwamfuta ce, ranta na hannun kamfanin da ke sabunta ta. Logitech ta daina yin sitirimarta Squeezebox a 2012. Google ta daina yin tata, Chromecast Audio, a farkon 2019. A Janairun 2020 Sonos ta sanar cewa tsofaffin na'urorinta ba za su ƙara samun sababbin abubuwa ba, a Mayun 2024 kuma sabuwar manhajarta ta fito da matsalolin da suka fusata masu kayanta watanni. Tidal ta yi watsi da MQA, wani tsarin adana sauti, a 2024, bayan wasu sun biya ƙari takanas don na'urar da ke karanta shi. Shi ya sa muke ganin ya fi a zuba kuɗi a lasifika da amfilifaya, a bar sitirima a matsayin abin da za a iya sauyawa bayan shekara biyar ko shida ba tare da baƙin ciki ba. Mai hannu a kwamfuta ma zai iya haɗa tasa da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da manhajar Volumio ko moOde.

Kafin a biya, a duba ko na'urar na magana da wurin da ake jin waƙa. Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a Fabrairun 2021, kusan kowace sitirima na karɓarta kai tsaye, wayar hannu rimot kawai take zama, ko an kira ka waƙa ba ta tsayawa. Apple Music ba haka ba ce, a yawancin na'urori sai an tura ta daga wayar hannu, ta AirPlay na Apple ko, a wayar Android, ta Chromecast na Google, ga shi WiiM Ultra ba ta da AirPlay, WiiM Mini kuma ba ta da Chromecast ko ramin wayar intanet. Mai jin Boomplay ko Audiomack ya tabbatar da hanyar da zai tura waƙar, don in ya ƙare a Bulutut, wanda ke matse sauti, kuɗin da ya kashe ya tafi a banza. Kuma da yawa cikin tsofaffin waƙoƙinmu daga kaset aka kwafo su, an matse su zuwa MP3 tun kafin a ɗora, babu na'urar da za ta dawo da abin da aka riga aka zubar.

A lissafa data ma. Spotify a 320 kbps na cin kusan MB 144 a awa. Ingancin CD a tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai na sauti, na cin kusan 350 zuwa 400. Na bit 24 a kan 96 kHz na wuce GB ɗaya a awa, wato mai saurare awa biyu kullum zai ci sama da GB 60 a wata. In Wai-fai na yankewa, a ja wayar intanet daga rauta zuwa na'urar, ta 'yan kuɗi kaɗan ta isa, masu tsadar da ake tallata wa 'yan sauti ba su ƙara komai.

Sai wuta, wadda ta fi komai kashe waɗannan kaya a wurinmu. Wutarmu bolt 230 ce a kan 50 Hz, ta Amurka 120 a kan 60. Ƙananan sitirima na aiki da adafta mai karɓar 100 zuwa 240, amma manya masu taransifoma a ciki sau da yawa wuta ɗaya aka yi su dominta, wadda aka sayo daga Amurka aka soka a soket ɗinmu nan take za ta ƙone. A karanta rubutun bayanta tukuna. A sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa da abin kare tsallen wuta, a cire filogi yayin sauyawa daga janareta zuwa wutar gwamnati da kuma lokacin tsawa. Inbata in ba mai fitar da tsarkakakkiyar igiyar wuta ba ce, taransifoma zai riƙa ƙugi yana zafi. In kuma ƙugin a lasifika ake jinsa bayan an haɗa talabijin ko dikoda, yawanci bambancin at ne, wato wayar ƙasa, tsakanin na'urorin. A tara su duka a soket ɗaya, ko a haɗa su da wayar haske, tunda ita ba ta ɗaukar lantarki. A tambayi mai sayarwa kuma wa zai gyara in allon ciki ya ƙone, domin wasu manyan sai an mai da su Turai.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu haɗa kayan sauti, Kano