Godiya ga shagon sulallan tarihi da ya gaya mini gaskiyar farashi

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa a birnin Melbourne,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a domin in yaba muku kan yadda kuka karɓe ni a lokacin da buƙata ta sa na fito da sulallan azurfata masu doro zan sayar, kuma domin 'yan'uwa masu tara irinsu su san inda za su dosa.

Abin da na kawo shi ne jerin sulalla uku masu ɗauke da sunayen rukunonin taurarin kudu da ma'aikatar buga kuɗi ta Ostireliya da ke Canberra ta fitar, wato Crux na 2012, Pavo na 2013 da Orion na 2014, sai kuma dalar azurfa ta Amurka ta 2019 mai tuna cika shekara 50 da saukar kumbon Apollo 11 a kan wata. Kowane sule a cikin na Ostireliya oza ɗaya ne na tsantsar azurfa (kimanin giram 31), an lanƙwasa shi kamar ɗan ƙoƙo, an zana taurari da launi a cikin ramin, hoton Sarauniya Elizabeth kuma yana kan doron.

Kafin in zo wurinku na sha takaici a hannun dillalai. Wani ko kwalin bai kalla ba, ya ɗora sule a kan sikeli ya yanka mini kuɗin giram 31, sai ka ce ɗan kunne na kai masa ya narkar. Wani kuwa ya kama murfin robar da ke kare sulen zai ɓalle da farce, alhali shatin yatsa ɗaya a fuskar irin wannan bugu mai ƙyalli ya isa ya karya masa daraja, da na hana shi sai ya haɗe rai yana cewa ai azurfa azurfa ce.

Godiyata ta musamman tana ga dattijuwar da ke kan kantarku. Ta sa safar hannu, ta duba kowane sule da tabarau ba tare da ta buɗe shi ba, ta tambayi takardar shaida da kwalin asali, sannan ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce Crux ne ya fi kasuwa, domin shi ne farkon jerin, guda 10,000 kawai aka buga, kuma taurarinsa ne ke kan tutar ƙasar, don haka har waɗanda ba sa tara sulalla suna nemansa. Na Apollo kuwa ta faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa kada in sa rai da riba mai yawa, tunda doka ta ba da damar buga har 400,000, ga shi kuma ta hango ɗan farin tabo a gefensa wanda masu tantancewa ba za su yafe ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta shawarce ni kada in raba ukun nan na Ostireliya, ta ƙara da cewa idan ba na gaggawa, gwanjo zai iya ba ni fiye da tayin shagonku. Ni dai ban saba jin ɗan kasuwa yana nuna wa mai kaya wata ƙofa ba. Na sayar muku da na Apollo, aka biya ni nan take.

Abin baƙin ciki ne a ce irin wannan mu'amala ta zama abin rubuta wasiƙa. Shaguna da yawa, musamman na intanet, idan za su sayar maka sai su cika ka da daɗin baki cewa kaya ne mai ƙaranci wanda farashinsa zai yi ta hawa, ranar da ka dawo musu da shi kuwa ba wanda zai ambaci adadin bugu ko takardar shaida, sikeli kawai za a jawo. Wasu ma ba sa amsa saƙo da zarar kuɗi ya shiga hannunsu.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku,
Wani mai tara sulalla